Hawan Keke a Dajin Whakarewarewa da Bakin Tafkunan Rotorua: Tambayoyi da Amsoshi

Rotorua gari ne matsakaici a Tsibirin Arewa na ƙasar Niyu Zilan, tafiyar kamar awa uku a mota daga Okland, wajen kilomita 230. Da can abin da ke kai baƙi garin shi ne ruwan zafi mai tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasa, da taɓo mai tafasa, da al'adun mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar. Yau kuwa da wuya ka tsaya bakin titi na minti biyar ba ka ga mota ta wuce da kekuna ɗaure a bayanta ba. Yawancinsu daji guda suka nufa, wanda ke manne da kudancin garin. Ga tambayoyin da mai sha'awar zuwa, ko mai son sani kawai, ya fi yawan yi.

Wane irin hawan keke ne wannan, kuma me ya raba shi da wanda muka saba?

Keken da muka tashi muka gani na kai mutum kasuwa ne ko gona, a ɗora masa buhu a kariya, ya bi hanya sumul ko burji. Wannan kuwa da gangan ake barin hanya mai kyau a shiga 'yar siririyar turba cikin itatuwa, mai saiwoyi da duwatsu da kwana da gangara, wadda sau da yawa faɗinta bai wuce na keke ɗaya ba. Wahalar ita ce abin neman.

Wasan, wanda ake kira hawan keken tsauni, bai tsufa ba. A shekarun 1970 ne wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsauni. Cikinsu akwai Gary Fisher da Joe Breeze. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tsauni na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Yaya ake furta sunan dajin, kuma yaya girmansa?

A harshen Maori "wh" kusan "f" ce, saboda haka Bahaushe bai da matsala: Fakarewarewa. Mutanen gari ma gajarce shi suke yi. Girmansa ya kai hekta 5,600, kuma turbobin keke da ke cikinsa, idan aka haɗa tsawonsu, sun haura kilomita 150, ana kuma ƙara sababbi. Daga tsakiyar gari zuwa bakin dajin 'yan mintuna ne a mota, wasu ma a kan kekensu suke zuwa.

Mafi yawansa ba kurmi ba ne da ya tsiro da kansa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 gwamnati ta fara gwajin dasa itatuwa iri-iri daga ƙasashen waje a wurin, har wajen iri 170, don a gano wanda zai ba da katako da sauri. Wani nau'in itacen fayin (pine) na Kalifoniya ne ya ci gwajin, shi ne kuma ya cika mafi yawan dajin a yau. Amma abin da ido ya fi kamawa shi ne jajayen itatuwan nan masu tsayi na gaɓar Kalifoniya da aka dasa a 1901, waɗanda wasunsu sun kai mita 70. A ƙarƙashinsu akwai manyan ganyayen ƙasar na asali masu kama da laima. Mutum na tafiya cikin inuwa mai sanyi ko da rana tsaka.

Dazuka sun yi yawa a duniya. Me ya sa aka fi yabon wannan?

Ƙasar wurin ce sirrin. Yankin gaba ɗaya kan tsaunuka masu aman wuta yake zaune, kuma abin da ke ƙarƙashin taya toka ce da ɓarɓashin wannan dutse mara nauyi mai huji-huji, irin wanda ake goge kaushi da shi. Ruwan sama na sauka yana shigewa. A wurare da dama na duniya, in aka yi ruwa kwana biyu sai a rufe turbobi saboda laka, domin taya na yanka su ta bar ramuka. A Rotorua sau da yawa ana ɗauke ruwa da safe, da yamma mutane sun fito. Wasu mahayan ma sun fi son washegarin ruwa, lokacin da ƙasar ta yi danshi ta kama taya. Da rani idan ta bushe ƙurmus sai ta zama gari, keke ya riƙa zamewa a kwana.

Ƙasar kuma tana da sauƙin haƙa. Da shebur da ƙaramar motar haƙa ana iya gina kwana mai jingina da tudun tsalle yadda ake so, abin da kan yi wuya a wuri mai fa da tsakuwa. A 2015 ƙungiyar masu hawan keken tsauni ta duniya, IMBA, ta ba Rotorua matsayinta mafi girma, na zinariya, wanda wurare ƙalilan ne suka samu.

Dajin na wane ne? Ana biyan kuɗin shiga?

Ba a biyan ko sisi don shiga. Amma kyauta ba ta nufin babu mai shi, kuma a ganina wannan ne abin da baƙo ya fi buƙatar sani kafin ya taka feda.

Ƙasar ta Maori ce. Ta daɗe a hannun gwamnati, ta hanyoyin da daga baya gwamnatin da kanta ta yarda ba su dace da yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin Birtaniya da shugabannin Maori ba. A 2008 aka sa hannu kan sulhun da ya mayar da kimanin hekta 176,000 na filayen gandun daji a tsakiyar Tsibirin Arewa ga haɗakar ƙabilu takwas, aka miƙa su a 2009, kuma Whakarewarewa na ciki. Ƙabilun Ngāti Whakaue da Tūhourangi Ngāti Wāhiao su ne masu tushe a wurin. Itatuwan katakon kuma kamfani ne ke kula da su yana sarewa yana dasawa, majalisar garin Rotorua na kula da ɓangaren shaƙatawa, wata gidauniya mai suna Rotorua Trails Trust tare da 'yan sa-kai na gyaran turbobin.

Wato hannu huɗu ne a kan akushi ɗaya, mahayi kuwa baƙo ne a wajensu duka. Shi ya sa wata rana za ka iske turbar da ka zo dominta an gitta mata igiya da allon gargaɗi, saboda ana sarar itace a gefen. Kada ka tsallake. Itacen da ke faɗuwa ba ya tambayar daga wace ƙasa ka zo, kuma manyan motocin dakon gungume na bin hanyoyin dajin a ranakun aiki. Wani lokaci turbar da aka shekara goma ana so takan ɓace bayan sara, sai an sake gina ta a fili fetal, a jira sababbin itatuwa su girma.

Mece ce ma'anar lambobin da ke kan alluna?

A Niyu Zilan ana kasa turbobi mataki shida. Na 1 da na 2 masu faɗi ne, shimfiɗaɗɗu, yaro ma zai bi. Na 3 ya fara ƙunci, da 'yan saiwoyi da gangara mai ɗan ƙarfi. Daga na 4 labari ya sauya: gangara mai tsanani, matakalar saiwa, wuraren da dole taya ta bar ƙasa ko ka sauka ka tura. Na 5 na gwanaye ne. Na 6 kuwa na 'yan gasar gangara ne masu hular kwano mai rufe haɓa da sulken ƙirji.

Shawarata, duk abin da kake jin ka iya, fara da mataki ɗaya ƙasa da shi. Tazarar da ke tsakanin na 3 da na 4 ta fi yadda lamba ɗaya ke nunawa, kuma ruwan sama na iya ɗaga turba mataki guda a dare ɗaya.

Yawancin turbobin hanya ɗaya ce, a shiga ta nan a fita ta can. Wanda ya shiga ta mafita yana iya yin karo da mai gangarowa da gudu a bayan kwana.

Wanda bai taɓa yi ba, daga ina zai fara?

Daga babban wurin ajiye motoci na Waipa, a kudancin garin. Nan ake hayar keke, akwai abin sha da wurin wanke keke, kuma turbobi masu sauƙi irin su Tahi da Dipper na kusa. Dipper ce mutane da yawa suka fara koyon kwanciya a kwana a kanta. Akwai wata mashiga ta biyu a kan hanyar Tarawera, Te Pūtake o Tawa, wadda ta fi kusa da tafkuna.

Mai ƙarfin ƙafa da ke son ganin daji fiye da jin faɗuwar gaba, sai ya bi zagayen dajin gaba ɗaya, wanda ya haura kilomita 30 da kaɗan, mafi yawansa mataki na 2. Yakan ci rabin yini idan ana tsayawa kallo, kuma akwai abin tsayawa: jajayen itatuwa, hangen garin da tururinsa daga tudu, sannan tafkunan biyu.

Tafkunan fa? Ana iya shiga ruwa bayan an sha gumi?

Ɗaya e, ɗaya a'a, alhali ɗan siririn tudu ne kawai ya raba su.

Tikitapu shi ne shuɗin tafki. Farin ɓarɓashin dutsen da ke ƙasansa ne ke ba shi wannan launi idan rana ta haska. Yana da rairayi da ciyawar zama, ana iyo, ana tuƙa kwalekwale, kuma da rani za ka ga kekuna jingine a bakinsa masu su na cikin ruwa. Ruwan da sanyi, ko a tsakiyar zafinsu.

Rotokākahi, koren tafki, hurumi ne. Mallakar Tūhourangi ne, kuma a tsibirinsa, Motutawa, kakanninsu ke kwance. Ba a iyo, ba a kamun kifi, ba a sa jirgi. Turba na bi ta gefensa, ana tsayawa a kalla, shi ke nan. Wanda ya san yadda ake rage murya idan an zo wucewa ta maƙabarta ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Gaba kaɗan da su akwai tafkin Tarawera da tsauninsa, wanda ya yi aman wuta a daren 10 ga Yuni 1886. Ya binne ƙauyuka, ciki har da Te Wairoa, ya hallaka sama da mutum ɗari, ya kuma shafe wasu matakalan dutse na fari da ruwan hoda, waɗanda ruwan zafi ya gina, da matafiya ke tahowa daga Turai don gani. Wani tsoho masanin al'ada, Tūhoto Ariki, ya kwana huɗu binne a ɗakinsa aka tono shi da rai, ko da yake bai daɗe ba bayan haka. Sunansa aka sa wa ɗaya daga cikin turbobin dajin, wadda ke ratsa kurmin asali a can sama, mai saiwoyi da santsi. Yawancin masu gangarowa ta kanta ba su san labarin ba, kuma asara ce.

Wane irin keke ake buƙata?

Mai kaurin taya da ƙuraje, da giya mai sauƙin hawa tudu, da birkin faifai mai aiki da mai. Iri biyu ne a taƙaice: mai shokazoba a gaba kaɗai, da mai shi gaba da baya. Na farko ya isa mataki na 1 zuwa na 3, ya kuma fi araha. Na biyu ya fi yafe kuskure a kan saiwa. Girman taya yanzu inci 29 ne ko 27.5, mai inci 26 da aka sani da can ya ja baya.

Abu biyu za su ba sabon mahayi mamaki. Na ɗaya, sirdin na sauka ya tashi da ɗan maɓalli a hannu: a ɗaga shi wajen hawa, a sauke shi wajen gangara don jiki ya sami wurin motsi. Na biyu, tayar ba a cika mata iska tam. Yawanci babu tib a ciki, sai wani ruwa mai toshe huda da kansa, kuma ana barinta da ɗan laushi don ta rungumi ƙasa. Wanda ya saba buga famfo har taya ta yi kamar dutse zai ga kamar an yi masa ƙwauron iska. Ba haka ba ne.

Me ya fi kayar da mutane?

Birkin gaba, da ido.

A Niyu Zilan ana tuƙi ta hagu, kuma kekunansu birkin gaba a hannun dama yake. A Amurka da yawancin Turai akasin haka ne. Kafin ka bar shagon haya, matsa kowanne ka ga wace taya ya kama; in bai yi maka ba, ka ce a juya. Birkin faifai kuma yatsa ɗaya ya ishe shi. Wanda ya damƙe shi da yatsu huɗu cikin firgita, keken zai tsaya cak, shi kuma ya ci gaba da tafiya ta saman kan keken.

Ido kuwa, keke na bin inda kake kallo. Ka zuba wa kututture ido don kada ka buge shi, shi za ka buga. Kalli inda kake son bi, can gaba. A gangara a miƙe tsaye kan feda, ƙafafu daidai da juna, gwiwa da gwiwar hannu a sake. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Jiƙaƙƙiyar saiwa kuma santsinta kamar na kuɓewa ne: a tsallaka ta kai-tsaye, ba a karkace ba, kuma ba a taɓa birki a kanta.

Akwai macizai ko namun dawa?

Babu macijin tudu a Niyu Zilan gaba ɗaya, babu kura, babu wani abu mai cin mutum. Abin da za ka gani tsuntsaye ne, kamar tūī mai farin gashi a maƙogwaro, da wata 'yar ƙarama mai baza wutsiya da ke bin mutane tana cafke ƙwarin da suka tayar. Da magariba ana iya cin karo da walabi, ƙaramin ɗan'uwan kangaru da aka shigo da shi daga Ostareliya, wanda a can ɓarna ake ɗaukarsa saboda yana cinye tsiron kurmi.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Lokutansu a juye suke da na arewacin duniya. Disamba zuwa Fabrairu ne zafinsu, wanda a wajenmu bai kai a kira shi zafi ba, Yuni zuwa Agusta kuma hunturu, da raɓa mai daskarewa da safe. Ruwa na iya sauka a kowane wata. Maris da Afrilu sun fi daɗi: ƙura ta kwanta, sanyi bai kankama ba, 'yan hutun ƙarshen shekara sun watse.

Kada sanyin iskar ya ruɗe ka, ranar ƙasar na ƙona fata da sauri fiye da yadda jiki ke ji. Mai azumi kuma ya lura da watan da ya faɗa: a Disamba yini na kai awa goma sha huɗu da wani abu, a Yuni bai kai goma ba.

Dole ne sai na hau tudun da ƙafata?

A'a. Akwai motocin da ke jan tirela cike da kekuna, suna kai mahaya can saman dajin a biya kuɗi, su kuma su gangaro.  Sannan ga keke mai batir da ke taimaka wa feda, wanda ya cika dajin a 'yan shekarun nan, ya kuma dawo da dattawa da yawa kan sirdi. Aibinsa ɗaya: yana kai sabon shiga saman tudun da bai iya saukowa daga kansa ba.

Me zan riƙe, kuma idan na ji rauni fa?

Hular kwano, wadda dokar ƙasar ta wajabta wa mai keke a kan titi tun 1994, a daji kuwa hankali ya wajabta ta. Sai safar hannu, da makarin gwiwa daga mataki na 3, da ruwa, da ɗan abin taɓawa, da tib na ko-ta-kwana da famfo, da rigar ruwa mara nauyi. A sauke taswirar dajin a waya tun daga gari, don akwai kwaruruka da babu sabis. Manhajar Trailforks ce mahaya suka fi amfani da ita.

Lambar gaggawa 111 ce. Abin da za a fara tambayarka shi ne sunan turbar da kake, saboda haka ka riƙa karanta alluna kana wucewa. Ƙasar na da wani tsari, ACC, da ke taimakawa da kuɗin maganin raunin haɗari, har ga baƙo, ba tare da neman mai laifi ba. Amma bai shafi rashin lafiya ta yau da kullum ba, ba ya kuma biyan tikitin komawa gida, don haka inshorar tafiya na nan a matsayinta.

Zan iya zuwa da kekena daga wata ƙasa?

Za ka iya, amma ka wanke shi tas, har tsakanin ƙurajen taya da ƙasan takalminka. Jami'an filin jirgin saman Niyu Zilan ba sa wasa da ƙasa ko iri ko ɗan ganye da ya maƙale, domin arzikinsu noma ne da katako, kuma cutar itace ɗaya na iya yi musu mummunar ɓarna. A rubuta keken a takardar shiga. Wanda ya ɓoye abin da ya kamata ya bayyana, tara za a ci shi nan take. Ga mai zuwa na 'yan kwanaki, haya ta fi sauƙi.

Ana yin manyan gasa a wurin?

A watan Agustan 2006 Rotorua ta karɓi gasar zakarun duniya ta keken tsauni, a kan tsaunin Ngongotahā da ke ɗaya gefen garin. Bafaranshe Julien Absalon ya lashe tseren zagaye na maza, Sam Hill na Ostareliya ya lashe gangara. Wannan gasar ce ta sa duniyar keke ta san garin. Tun 2015 kuma bikin Crankworx, wanda ya samo asali daga Whistler ta Kanada, yake zuwa Rotorua, inda ake ganin masu juyawa a iska daga tudun da ya fi ɗaki tsayi. Kallo ne mai tsayar da numfashi, amma a makon masauki kan yi wuya ya kuma yi tsada.

Gaskiya ne garin na wari?

Gaskiya ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, na iskar farar wuta da ke fitowa daga ƙasa, kuma ya fi ƙarfi a wasu unguwanni da safiyar da babu iska. Kwana ɗaya ko biyu hanci ya saba. A cikin dajin ba ka jin sa, sai ƙamshin ganyen fayin da danshin ƙasa. Wutar da ke haifar da warin ita ce ke dafa ruwan wuraren wanka da ke ko'ina a garin, kuma da yamma a nan za ka iske mahayan da ka gani da safe, zaune cikin ruwan zafi har wuya, kowa na nuna wa ɗan'uwansa inda saiwa ta goge masa ƙwauri.